Ya cika wata 6 amma yana turo koko da harshe, da me zan fara masa?

Maman Sadik, Agege:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure. Ɗan fari ne, ya cika wata 6, kuma tun haihuwa nono zalla yake sha, ko ruwa ban taɓa ba shi ba kamar yadda aka ce mana a wajen awo. To yanzu lokacin abinci ya yi, kowa da tasa maganar.

Hajiyar maigidana tana Katsina. Duk kiran da za ta yi sai ta tambaya ko an fara masa koko, ta ce a ɗiga zuma a ciki ya fi karɓa, har dauri ta aiko da shi ta hannun wani direban tirela ɗan garinsu. Maƙwabciyata Bayarabiya kuma cewa ta yi in dama ogi, wato kokonsu na masara, in tsinka shi sosai, in zuba a fida in faɗaɗa hujin, ya sha ya yi barci in huta. Shi kuma maigida gwangwanin Cerelac ya shigo da shi, ya ce in lallaɓa don ba kullum aljihu zai ɗauka ba.

Na gwada kokon gero da cokali. Ina sa masa a baki sai ya turo da harshe, ya yamutsa fuska, duk ya ɓata wuyan riga. Amma in muna cin abinci ido yake zuba mana, har hannu yake kai wa kwano. Yana zama daram in na tokare shi da filo.

Gidan haya muke, ɗaki ɗaya, kicin na haɗaka, wuta kuwa sai ran da aka ga dama, don haka maganar ajiya a firji ba ta taso ba. Me zan fara ba shi, sau nawa a rana? Zumar da daurin fa? Ruwa ya halatta yanzu?

Hajiya Mai Tuwo, Mile 12:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raya Sadik, ya shirya mana shi. Kwantar da hankalinki, turowar nan ba ƙin abinci ba ne. Tsotso kaɗai bakinsa ya sani, cokali baƙo ne a wurinsa. Ki riƙa sa ɗan kaɗan a bakin cokali ki ɗora a leɓensa, ki bar shi ya lasa da kansa. Wani yaron sai an yi ta maimaita masa abu ɗaya kafin ya yarda.

Amma ni abin da ya fi damuna kokon ne. Kokonmu na gasara, wanda aka jiƙa gero aka markaɗa aka tace aka zubar da dusa, aka kuma tsinka shi har yana gudu a ludayi, ruwa ne da ɗan sitaci. Cikin jariri ɗan mitsitsi ne. In kika cika shi da wannan, ya ƙoshi a ido, ya rage shan nono, alhali bai ci komai ba. Na sha ganin yara a unguwar nan ana cewa ai yana shan koko sosai, amma ga wuya ya zurma, gashi ya yi ja ya yi laushi. Ogin maƙwabciyarki ma hakan ne, masara ce kawai a madadin gero.

Ga yadda nake yi wa jikokina. Gero dirika 2, dawa dirika 1, waken suya dirika 1, gyaɗa rabin dirika. Ki tsince, ki wanke, ki rege. Waken suya ki jiƙa shi ki murje ɓawon, ki tafasa, sannan ki shanya. Kowanne ki soya shi daban a busasshen kasko, wuta kaɗan-kaɗan, har ƙamshi ya tashi, kada ya ƙone ya yi ɗaci. Gyaɗar nan ki zauna ki duba ta ɗaya-ɗaya, duk wadda ta yamushe ko ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ki jefar, kada ki ji asara. Sai ki haɗa ki kai niƙa. A asibiti Tom Brown suke ce masa.

Wajen niƙan nan ki buɗe ido. Yawancin injinan bakin layi a Legas attaruhu da tumatir suke markaɗawa tun asuba, ki kai garin yaro ya dawo da yaji da laima. Ki nemi injin da busasshen hatsi kaɗai yake niƙawa, ki tsaya a kansa. Kin dawo gida ki baza shi a faranti ya huce kafin ki tankaɗe ki zuba a roba mai murfi. Kuma kada ki yi da yawa. A Katsina gari sai ya yi wata da watanni lafiya lau, nan kuwa iskar teku ce, danshi ke shiga komai, kafin ki ankara ya dunƙule ya canja wari. Na mako 2 ya isa.

In za ki dama, ki kwaɓa cokali 2 da ruwan sanyi, ki zuba a tafasasshen ruwa kina juyawa a kan wuta har ya dahu sosai, ba irin damun koko da ake sheƙa ruwan zafi a rufe ba. Kaurinsa ya zama kamar kindirmo mai kyau, in kin karkata cokali ya tsaya jim kafin ya zame. Ki ɗiga manja ko man gyaɗa kaɗan. Wata rana ki barbaɗa dakakken kirafish da kika tankaɗe, abin da Legas ta fi Arewa arha ke nan, ki more shi.

Tunda ba firji, damu ɗaya ci ɗaya. Abin da ya rage ke ki shanye, mai shayarwa ce ke.

Anti Nas, Idi-Araba:

Sannu Maman Sadik, kin yi ƙoƙari da kika kai wata 6 da nono zalla, a gidan haya da bakin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, ɓangaren awon yara nake. Duk abin da Hajiya Mai Tuwo ta faɗa na sa hannu, bari in ƙara.

Alamomin da kika lissafa su ake nema: yana riƙe wuya, yana zama da ɗan tallafi, yana kai hannu ga abinci. Ya shirya. Dalilin da ya sa ake farawa a wata 6 shi ne sinadarin ƙarfe mai gina jini da aka haifi yaro da shi ya fara ƙarewa, nono kaɗai ba ya cike gurbin. Shi ya sa hatsi zalla ba ya wadatarwa. Hanta, nama, kifi, ƙwai, wake, su ne maganin wannan. Hanta ki dafa ta lugub ki murje, ɗan kaɗan, sau 1 a mako ya isa. Kifi ki bi shi da yatsa ki cire ƙaya tas. Ƙwai ya dahu har gwaiduwa.

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce daga wata 6 zuwa 8 a ci sau 2 zuwa 3 a rana, a fara da babban cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi mai cin mililita 250. Daga wata 9 zuwa 11 sau 3 zuwa 4, abincin kuma ya fara zama da ɗan gudaji-gudaji, har da wanda zai ɗauka da hannunsa. Ya shekara, tukunyar gida zai ci. Nono kuma ba a rage shi, a ci gaba har shekara 2, kuma mu wannan ba baƙon zance ba ne, yana cikin Suratul Baƙara.

Zuma kuwa a'a, sai ya cika shekara 1. Ba wanda ya musa cewa zuma waraka ce. Matsalar ita ce wani lokaci tana ɗauke da ƙwayar wata cuta da hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri bai yi ƙwarin haka ba. Sai ta tsira a ciki ta saki guba, yaro ya saki jiki, tsotso ya gagara, kukansa ya raunana, har numfashi yana iya tsayawa. Zuba ta a koko mai zafi ba ya kashe ƙwayar. Dauri kuma ba ki san me aka haɗa ba, ba ki san ƙarfinsa ba, hantar jariri da ƙodarsa ba su gama nuna ba. Haka agbo, wato jiƙon maganin gargajiya na Yarbawa, da za a yi miki tayi a nan. Ki ajiye su.

Gishiri, magi da sukari ma ki bari. In kina miyar kuɓewa ko ewedu, wato lalonmu, ki ɗebi tasa kafin ki sa gishiri da magi da yaji, ki murje masa tuwo mai laushi a ciki. Alale ba yaji, faten wake da aka cire wa ɓawo, dankalin Hausa musamman mai jan ciki, kabewa, alayyahu ko ugu, ayaba, gwanda, duk nasa ne. 'Ya'yan itace suna taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfen, shayi kuwa hana shi yake yi, don haka kada a saba masa da kurɓar shayin babansa. Ruwa ki fara ba shi kurɓi-kurɓi a kofi bayan abinci, ko na leda ne ki tafasa.

Sabon abu ki shigo da shi ɗaya bayan ɗaya, da rana, don ki ga yadda jikinsa zai karɓa. In ya yi ɓorin jini, ko leɓe da ido suka kumbura, ko ya yi ta amai, ki dakata ki kai shi asibiti, in numfashi ne ya canja kuwa a guje.

Ki duba katinsa, a wata 6 ana ɗiga musu bitamin A, a wata 9 kuma rigakafin ƙyanda da na shawara. In kin je ki ce a auna damtsensa da tef ɗin nan mai launi. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, tsakanin 11.5 da 12.5 rawaya.

Maman Iman, Obalende:

Ni fa Anti ku yi haƙuri, wani lokacin kuna tsaurarawa. Yarana duk da ogi a fida na raine su, ga su nan garau suna makaranta. Mai tafiya aiki Ikoyi tun 6 na safe ina ta ga lokacin bin yaro da cokali? Kuma mu a gida an hana ba yaro ƙwai, wai yana sa shi ɗauke-ɗauke. Gyaɗa ma na ji an ce sai ya shekara.

Anti Nas, Idi-Araba:

Maman Iman, Allah ya ƙara musu lafiya, kuma na san wahalar mai fita aiki a garin nan. Amma duk abin da zai bi ta hujin fida dole sai an tsinka shi, mun koma maganar Hajiya Mai Tuwo ke nan. Ga kuma wanki: kan robar yana riƙe ɗanko a lungun da soso ba ya kaiwa, ga zafin Legas, ga ƙuda. Yawancin gudawar da ake ɗora wa haƙori a watannin nan daga abin da ke shiga baki take. Kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa, mai rainon ma za ta iya. In gudawar ta zo, ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zinc, kuma kada a tsayar da nono ko abinci.

Ƙwai ba ya koya wa kowa sata. Gyaɗa kuma niƙaƙƙiya cikin kunu babu laifi daga wata 6, jinkirta ta ba ya kare yaro daga ƙin jininta, sai dai in yana da ƙyasfi ko ƙaiƙayin fata mai tsanani, a nan a fara ganin likita. Wadda aka hana ita ce gyaɗa guda, da aya, da gugguru, da inabi ba a yanka ba, saboda shaƙewa. Su sai ya kai shekara 5.

Abu ɗaya da nake roƙo, kada a yi ɗura. A kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a kwarara koko yana kuka, yana iya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu. A zaunar da shi, in ya kau da kai a ƙyale shi.

Baban Husna, Alaba Rago:

Ku gafarce ni na shigo zancen mata. Maman Sadik, maganar zuma da dauri kada ke ki ja da Hajiya, ba girmanki ba ne, kuma za a ce matar Legas ta fi ƙarfin kowa. Ki bar maigidan ya kira mahaifiyarsa ya ce likita ne ya ce a dakata sai yaro ya shekara. Daga bakinsa ba za ta ji zafi ba. Ku kuma roƙe ta ta aiko da gero da gyaɗa masu kyau daga gida, sai ta ji da ita ake yi.

Ku da ke Agege ma ga mayankar Oko-Oba kusa da ku, maigidan ya biya da safe ya yanko hanta sabuwa. Mu maza sai mu sayi gwangwani ɗaya mu ɗauka mun sauke nauyi.

Maman Sadik, Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na nuna wa maigida, ya yi dariya ya ce Baban Husna da shi yake, zai kira Hajiya bayan Magariba. Yau na murje masa ayaba da ɗan nonon da na tatsa, ya karɓi kaɗan, sauran ya shafe a kumatu. Sai dai a tsakiya ya yi kamar zai yi amai, fuskarsa ta yi ja, gabana ya faɗi. Shaƙewa ce? Kuma gwangwanin da aka riga aka saya in zubar?

Anti Nas, Idi-Araba:

Kada ki zubar, ki dama masa da kauri yadda aka rubuta a jiki, ba ƙarin sukari, kina haɗawa da na gida har ya ƙare.

Wancan yunƙurin amai ne, masu koyon ci suna yawan yi. In yana tari, yana fitar da sauti, ki bar shi ya turo da kansa, kada ki zura yatsa ki ƙara tura abin ciki. Shaƙewa ta gaske shiru take zuwa: ba kuka, ba tari, leɓe ya fara sauya launi. Nan take ki kifa shi a kan hannunki, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, ki riƙe haɓarsa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da tushen tafin hannu har sau 5, kina ƙwala wa maƙwabta kira a nemo abin hawa. Ran da za ki je awo ki ce malamar ta gwada miki da 'yar tsana, har da dannan ƙirji da ke biyo baya in bugun bai fitar ba, ya fi shiga kai in kin gani da ido.