Wace robar tsukewa ta dace da wayar gita da ta makirfo?

Mai Sono: Salamu alaikum. Wayoyin kayan sautinmu suna yawan tsinkewa a gindin jak, wato kan ƙarfen da ake sokawa a jikin gita ko ampli, mai milimita 6.35. Kaurin wayar milimita 6 ne. Wace robar da ke tsukewa da zafi zan nema a Babbar Kasuwar Maraɗi?

Mai Gyaran Ampli: Wa alaikumus salam. Malam, duba lambar jikinta tukuna. Mai 2:1 rabi take komawa, mai 3:1 kuma kashi ɗaya cikin uku. Ɗauki 3:1 mai milimita 12: za ta wuce ta kan ƙarfen da ke riƙe waya, ta tsuke har zuwa 4, ta kama gam. Yanka santimita 4, ka zura ta kafin ka liƙa dalma. A kan liƙin siririyar wayar tsakiya, 2:1 mai milimita 3 ta isa.

Injiniya: Gaskiya ne, Maigida, amma a kula da mai gam a ciki. Tana hana ruwa shiga, sai dai tana sandarewa, lanƙwasar ta koma bakinta, nan jan ƙarfen zai karye. Sau da yawa ma marfin jak ba ya rufuwa saboda kaurinta. Cikin jak na fi son marar gam.

Mai Gyaran Ampli: Kada kuma a gasa da kyandir. Harshen wuta na narka robar ciki, wayar tsakiya ta taɓa ragar jan ƙarfen da ke kewaye da ita, sauti ya ɗauke. A hura iska mai zafi daga tsakiya zuwa baki, ana jujjuyawa.