Cok ɗin bindigata ya maƙale, ya ƙi fita

Salam 'yan uwa mafarauta, don Allah a taimaka. Ina da bindiga mai baki biyu, 12 geji (wato girman bakinta), da lasisinta, irin wadda ake sauya mata cok a baki, wato ɗan bututun ƙarfen da ake murɗawa a ƙarshen baki don matse harsashi ko barin sa ya bazu. Ina Agege, farauta kuma wajen Epe muke zuwa. Bakin bindigar na ƙasa ful cok ne a ciki, wato wanda ya fi matsewa, to a dajin nan mai duhu gyazbi kusa yake fitowa, harsashin a dunƙule yake tafiya, ko ka kuskure ko ka lalata naman. Na so in mayar da silinda, wato cok ɗin da ke barin harsashi ya bazu, sai cok ɗin ya ƙi juyawa sam, ga tsatsa ja a gefen bakin, danshin Legas ɗin nan dai ba ya barin ƙarfe.

Na fesa WD-40, man nan na sassauta tsatsa, na tsoma bakin a kananzir ya kwana, makullin cok ɗin har ya fara cinye haƙoransa amma ko motsi. Wani makaniki ya ce a gasa da wuta, ni kam ban yarda ba tunda bakunan da dalma aka haɗa su.

Yaya ake fitar da shi ba tare da tiredin ciki, wato zanen da cok ɗin ke murɗuwa a kai, ya lalace ba?