Dattin kunnen yara: abin da iyaye suka tattauna a kai

Wasu iyaye sun tattauna kan yadda ake kula da dattin kunnen yara. Abin da aka fi nanatawa a tattaunawar shi ne, dattin kunne ba ƙazanta ba ce. Kunne ne da kansa yake samar da shi don tare ƙura da ƙwayoyin cuta, kuma a hankali yake fitowa waje yayin da yaro ke tauna ko magana. Wanda ya fito bakin kunne sai a goge shi da tsumma mai ɗan danshi, shi ke nan.

Inda aka ɗan yi gardama shi ne tsinken auduga. Wasu sun ce sun daɗe suna amfani da shi lafiya lau, amma mafi yawa sun ce ƙara cusa dattin ciki yake yi har ya taurare, kuma yaro ba ya zama wuri ɗaya, motsi ɗaya zai iya sa a huda dodon kunne. A ganina masu hanawar sun fi hujja.

Idan dattin ya toshe kunnen, an ba da shawarar ɗiga man zaitun ɗigo 2 zuwa 3, yaro yana kwance kunnen na kallon sama, a yi haka na kwana 3 zuwa 5 don ya yi laushi. Amma ba a ɗiga komai idan kunnen yana fitar da ruwa, ko dodon kunne ya taɓa huduwa.

Ciwo, zazzaɓi, mugunya, ko yaro ya rage ji, waɗannan na likita ne. Shi zai leƙa ciki, ya wanke ko ya zuƙe dattin da na'ura.