Ta ina zan fara fahimtar tafiyar fararen ƙwayoyin jini?

Ɗalibar aji uku: Assalamu alaikum. An ba ni gabatarwa kan yadda ƙwayoyin gado ke sarrafa tafiyar fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin kumburi. Sunaye sun yi min yawa. Me za ku ba ni shawara in fara da shi?

Mai awon jini: Wa alaikis salam. Nemi tsohon bidiyon David Rogers na shekarun 1950, inda newtrofil, wani nau'in farar ƙwayar jini, ke bin ƙwayar cuta har ya haɗiye ta. Ki kalla kafin ki buɗe littafi.

Malamar jinya: Ƙanwata, fara da cutar LAD-1, cutar gado da ke hana fararen ƙwayoyin jini manne wa bangon jijiya. Jaririn yayata ya haura wata guda cibiya ba ta faɗi ba. Wurin ya yi ja ya kumbura, amma ko ɗigon mugunya babu. Inda aka fara kai shi, magani kawai suke ta canja masa, ba wanda ya tambayi me ya sa fararen ƙwayoyi suka yi yawa a jini amma ciwo ya ƙi warkewa. Mun sha wahala kafin wata likita ta ce a duba CD18, wani furotin da ke jikin fararen ƙwayoyi. Ashe ITGB2 ne, ƙwayar gadon da ke samar da CD18, da ke kan kuromosom na 21, ya samu matsala. A mai lafiya, newtrofil kan fara gangarawa a bangon jijiya, furotin mai suna selektin na kama shi yana saki. Da kemokin, sinadarin da ke kiran fararen ƙwayoyi, ya taɓa shi sai integirin, furotin ɗinsa na mannewa wanda CD18 sashensa ne, ya buɗe ya damƙi furotin ICAM-1 na bangon jijiya, newtrofil ya tsaya cak, ya kutsa ta bango ya fita. A wannan yaron damƙar ce babu, jini ke wucewa da fararen ƙwayoyin ta gaban ciwon. Mugunya kuwa galibinta gawar newtrofil ce, to daga ina za ta fito?

Ɗalibar aji uku: Subhanallahi. Allah ya ba shi lafiya, Anti.

Mai awon jini: Amin. Ki ƙara da furotin NF-κB, shi ke kunna ƙwayoyin gadon E-selektin da na kemokin CXCL8.

Ɗan bincike: Ku nemi binciken da aka yi da kifin zebra a 2009. Jikin 'ya'yansa garau yake, kuma an nuna haidurojin feroksaid da ke fitowa daga rauni na janyo fararen ƙwayoyi.

Mai awon jini: Kifi kuma? Ɓera ya fi kusa da mutum.

Ɗan bincike: Haba Malam, ai ɓera ma ba shi da CXCL8. Masanin kimiyya Metchnikoff ma da tsutsar tauraron teku ya buɗe hanyar wannan fanni a 1882.

Mai awon jini: Shi haɗiyar da ƙwayoyi ke yi wa baƙin abu ya gani, ba ƙwayoyin gado ba.

Malamar jinya: Ku bar musun nan, yarinya na jira.

Sabon shiga: Don Allah ACKR1 fa, ƙwayar gadon rukunin jini na Duffy? An ce masu rashin Duffy newtrofil ɗinsu kan yi ƙasa a awo alhali lafiyarsu ƙalau.

Mai awon jini: Haka ne, ya fi yawa ga 'yan asalin Afirka. Buɗe masa zaure daban.