Suna ko Gona: Musayar Waƙa Kan Zaɓen Jami'a

Ƙanwar Kowa:
Yayye da iyaye, ga matsalata a waƙe, a waƙe kuma nake son amsa.

Jami'a biyu sun ba ni gurbin karatu,
Takardun nan biyu sun hana ni kwana.
Ta farko duk duniya an san da zamanta,
In ka ambace ta, kowa sai ya jinjina.
Amma kimiyyar ƙasar noma da nake so,
Kwas biyu ne a can, ba sashe, ba gona.
Ta biyu ba ta da amo, sai cikakken sashe,
Ɗakin gwaji, filin gwaji, ga masana.
Wacce zan ɗauka? Ku taimaka ku nuna.

Yaya Babba:
Ƙanwata, kama babbar, daina jinkiri,
Wannan dama ba ta zuwa kowace rana.
Mai ɗaukar aiki, takardu tuli gabansa,
Kafin ya karanta kwas, ya fara da suna.
Tsofaffin ɗalibanta na kan manyan kujeru,
Su ke buɗe miki ƙofa in kun gana.
Kuma ra'ayin ƙuruciya yakan juya,
In kin gaji da ƙasa, ki sauya sashe ki zauna.

Malama:
Babba, baitinka ya yi daɗi, amma tsaya,
Sunan nan da kake yabo, da me ake auna?
Jerin Shanghai na jami'o'in duniya, da aka soma a 2003,
Lambar Nobel yake ƙirgawa, da ta Fields, ta lissafi, ta masana,
Da yawan binciken da ya fito a manyan mujallu,
Bai tambayi wa zai shiga aji da rana.
QS kuma, wata mai jera jami'o'i, ra'ayin malamansu take tarawa,
Da na masu ɗaukar aiki, ta haɗa ta auna.
Makin na jami'ar ne dukanta, 'yata,
Ke kuwa sashe guda za ki shiga ki zauna.
Dubi jami'ar Wageningen da ke ƙasar Holan,
Goman farko na duniya ba ta da suna,
Amma da QS ta ware fannin noma daban,
Ita ce a sama, shekaru tana riƙe da wannan suna.

Yaya Babba:
Malama, da girmamawa, misalinki ai hujjata ce,
Wageningen a fanninta ai ta yi suna!
Wannan ƙaramar da ƙanwata ke yabo,
Wa ya shaida? Ko hoton talla aka nuna?

Kawu:
To, nan ne Babba ya taɓo inda ke ciwo. Bari tsoho ya sa baki.

'Yata, gani ya kori ji, sai ki bincika,
Kar ƙyallin takardar talla ya zama magana.
Kwas ɗin, hukumar tantancewa ta amince?
In babu, shaidarki ba ta da inda za ta kwana.
Karanta manhajar, aji ɗaya har na ƙarshe,
Ki ga wa ke koyarwa, me ya wallafa bana.
Farfesan da ya ja hankalinki zuwa can,
Yana shiga aji, ko ritaya yake nufi bana?
Nemi 'yan ajin ƙarshe, su ba sa ɓoyewa,
Na'urar gwajin na aiki, ko an rufe ta da zana?
Waɗanda suka gama, ina suka dosa?
In sashen ya ci wannan, je ki, ki bar suna.
In ya faɗi, ki bi maganar yayanki,
Digiri na biyu sai ki nemi gona.

Ƙanwar Kowa:
Kawu, na gode, Allah ya ƙara girma,
Malama, na gane yadda ake yin awon suna.
Na rubuta wa shugaban sashen tambayoyin,
'Yan ajin ƙarshe kuma gobe za mu gana.
Yaya, ajiye baitinka kusa, kar ka yi nisa,
In na'urar ta mutu, kai zan fara kira da rana.