Abin da muka tattauna a layin awo

Ranar awo, muna jiran a kira suna, hira ta ɓarke kan yadda ciki ke juya jikin mace. Wata mai cikin fari ta ce takalminta ya daina shiga, zobe ma ya matse.

Wata dattijuwar ungozoma ta ce mata, "'Yata, jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ga mahaifa tana danne jijiyoyi, dole ƙafa ta ɗan tashi da yamma. Ɗora ta kan matashi, ki riƙa kwanciya ta gefen hagu."

Kan laulayi da ƙwannafi, an ce a ci kaɗan-kaɗan, a rage yaji da maiƙo, kada a kwanta da gama cin abinci. Yawanci laulayi na sassautawa bayan wata 3. Baƙin layin nan da ke fitowa a fatar ciki kuwa, bayan haihuwa yake dushewa.

Inda ungozomar ta ɗaga murya, kuma nan ne ya fi taɓa ni: kumburin fuska da hannu farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi. Alamun hawan jini ne da kan kai ga jijjiga. Su da zubar jini, ko jin motsin ɗa ya ragu, ba a jiran gari ya waye, asibiti ake tafiya.