Ɗigon goshin matan Indiya alamar aure ce?

Tambaya: Jama'a, duk mai bindi (wato wannan ɗigon) a goshi matar aure ce?

Amsa 1: A'a, yanzu har 'yan mata na liƙa shi don ado. Alamar aure a wurin Hindu ita ce sindur, jan garin da ango ke shafa wa amarya a tsagar gashi ranar biki. In mijin ya rasu, sai ta daina shafa shi.

Amsa 2: Haka ne, Malam. Bindi tsakanin gira ake sa shi, inda mabiya Hindu suke ɗauka mazaunin basira ne. Na gargajiya da kurkum ake haɗawa.

Amsa 3: A kula dai, wani sindur mai araha yana ɗauke da dalma. Bindi na liƙawa kuma, gam ɗinsa kan jawo ƙaiƙayi, har fatar wurin ta yi fari.